Lissafin bayan wasa: Ba a Uyo kaɗai Benin ta yar da tikitinta ba

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar Talata 14 ga Oktoba, 2025 ne ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, wato Super Eagles, ta lallasa takwararta ta Jamhuriyar Benin da ci 4 da nema a birnin Uyo, a wasan ƙarshe na rukuninsu na neman gurbin shiga gasar cin kofin duniya ta 2026. Victor Osimhen ya zura ƙwallo uku shi kaɗai, sannan Frank Onyeka ya ƙara ta huɗu ana dab da tashi. Wannan wasa ya daɗe da wucewa, amma gardamarsa ba ta wuce ba, domin duk inda matasanmu suka zauna, daga rumfunan kasuwar Guéma da ta Arzeke a Parakou har zuwa zangon Djougou, da zarar an tabo batun Benin da Najeriya sai kowa ya zaro wayarsa yana karanto alƙaluma, wannan ya ce ga shaidata, wancan ya ce ga tawa.

Mu Hausawan bakin iyaka wannan gardama ta fi shafarmu a kan kowa. Da yawanmu an haife mu a nan, amma kakanni suna Kano ko Sakkwato ko Katsina. Da safe mutum yana ƙirga sefa, da yamma yana ƙirga naira. Ɗansa yana goyon bayan Benin, ƙaninsa da ya zo fatauci ta Chikanda yana goyon bayan Najeriya, kuma a akushi ɗaya za su ci tuwon dare. Saboda haka wasan ƙasashen nan biyu a wurinmu kamar wasan taubasai ne, ana tsokana, ana dariya, wani lokaci kuma rai ya ɓaci. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda na ga ana wasa da lissafi a cikin wannan tsokana. Abin kunya ne a ce ɗan kasuwa, wanda ba a iya cutarsa da dala ɗaya a cinikin buhun shinkafa, shi ne za a ruɗa da alƙaluman da ba su da kai ba su da gindi don kawai an rubuto su a waya da launi mai kyau.

Bari mu fara da abin da aka fi faɗa, cewa wai Benin tana saman teburi har ranar ƙarshe, sai ta je Uyo ta zubar da komai cikin minti 90. Rabin wannan magana gaskiya ne. Kafin wasan, Benin na da maki 17, Afirka ta Kudu na da 15, Najeriya na da 14. Bayan an tashi, Afirka ta Kudu da ta doke Ruwanda 3 da nema ta koma 18 ta wuce kai tsaye, Najeriya ta cimma Benin a maki 17, ta kuma sha gabanta da yawan ƙwallaye: ta ci 15 an ci ta 8, ita kuwa Benin ta ci 12 an ci ta 11. To sai dai akwai tambayar da masu wannan magana ba su cika yi ba: ta yaya Benin ta hau saman teburin tun farko? Amsa ita ce, a ofis aka ɗora ta. A ranar 21 ga Maris, 2025 Afirka ta Kudu ta ci Lesoto 2 da nema, amma ta saka ɗan wasanta Teboho Mokoena alhali yana da katin gargaɗi biyu da suka haramta masa buga wannan wasa. A ƙarshen watan Satumba hukumar FIFA ta ƙwace makin uku, ta mayar da sakamakon 3 da nema, Lesoto ce ta ci. Ba don wannan hukunci ba, da Afirka ta Kudu ta shiga ranar ƙarshe da maki 18, ta gama da 21, ka ga ke nan da maganar "muna kan gaba" ba ta taso ba sam.

Ya kamata a ɗan tsaya a nan. Ƙasa guda, mai arzikin Afirka ta Kudu, mai ma'aikata da kwamfutoci da manyan filaye, ta kusa rasa kofin duniya saboda an rasa mutum ɗaya da zai buɗe littafi ya ƙirga kati biyu. Duk Alhajin da ya taɓa asarar kuɗi saboda yaron shago bai rubuta bashi ba, ya san irin wannan ciwo.

Yanzu mu buɗe littafin Benin shafi-shafi, kamar yadda ake bin littafin shago a ƙarshen shekara. Wasa goma ta buga. Ta ci biyar: Ruwanda sau biyu, Najeriya sau ɗaya, Zimbabuwe sau ɗaya, Lesoto sau ɗaya. An ci ta uku: Afirka ta Kudu sau biyu, sai na Uyo. Ta yi kunnen doki biyu, kuma a ganina a cikin waɗannan biyun ne tikitin ya faɗi. Na farko shi ne wanda aka tashi babu ci da Lesoto a watan Nuwamba na 2023. Na biyu, wanda ya fi zafi, shi ne na watan Maris na 2025 a birnin Durban, inda Benin ta fara cin Zimbabuwe 2 da nema, amma ta saki jiki har aka farke duka biyun aka tashi 2 da 2. Zimbabuwen nan ita ce ta ƙare a gindin teburi da maki 5, ba ta ci wasa ko ɗaya ba a cikin goma. Da Benin ta riƙe abin da ke hannunta a ranar, da ta samu ƙarin maki 2, ta gama da 19, wato ta ɗara Afirka ta Kudu mai 18. Ma'ana, ko da an yi mata ci huɗun nan a Uyo, da tikitin yana aljihunta. Amma wa ke tuna Durban a yau? Babu, saboda ba da abokin hamayya aka buga ba, ba a cika gidajen kallo ba, ba wanda ya tsokani wani washegari a kasuwa. Haka ɗan Adam yake, ranar gobara ce ke zama a ransa, ɓeran da ya shekara yana huda buhu kuwa ba ya shiga lissafi.

Sannan akwai wani abu da teburi ba ya nunawa ko kaɗan. A cikin wasanni goman nan, babu ɗaya da Benin ta buga a ƙasarta. Wasanni biyar da aka rubuta mata a matsayin "na gida" duk a Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa aka yi su, saboda babban filin wasa na Kwatano, mai sunan Janar Mathieu Kérékou, bai cika sharuɗɗan da hukumomin ƙwallo suka gindaya ba a lokacin. Ƙungiyar da ta samu maki 17 ba tare da ta ji ihun mutanenta cike da fili ko sau ɗaya ba, ba ta cancanci a yi mata dariya ba. Wanda ya cancanci a tuhuma shi ne duk wanda alhakin gyaran fili ke wuyansa. Dubi yadda wuri ke tasiri ma a tsakanin ƙasashen biyu: daga Yunin 2024 zuwa Oktoban 2025 sun haɗu sau huɗu, biyu na neman kofin duniya, biyu na neman kofin Afirka. A Abijan Benin ta ci 2 da 1 a ranar 10 ga Yuni, 2024, inda Jodel Dossou da Steve Mounié, haifaffen garin nan namu na Parakou, suka zura ƙwallayen, sannan aka yi 1 da 1 a watan Nuwamba. A Uyo kuwa 3 da nema ne a Satumban 2024, sai 4 da nema. Idan magoyin bayan Najeriya ya ce maka jimilla 9 da 3 ne, bai yi ƙarya ba. Idan magoyin bayan Benin ya ce a wajen Uyo Najeriya ba ta ci su ba ko sau ɗaya a cikin huɗun, shi ma bai yi ƙarya ba. Kowa ya ɗebi inda ya yi masa daɗi ne a cikin buhu guda.

Kada 'yan uwanmu masu goyon bayan Najeriya su yi saurin murna, domin nasu littafin ma idan aka buɗe akwai abin kallo. Wasa huɗu kacal suka ci a cikin goma, wato Benin ta fi su yawan nasara. Sun yi kunnen doki biyar. Wasanni huɗun farko maki 3 kawai suka tara, har ta kai ga mai horarwa Finidi George ya ajiye aiki bayan kayen Abijan, kayen da ya sha a hannun Gernot Rohr, mutumin da Najeriya ta sallama a 2021 bayan ya shekara biyar yana horar da ita. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wannan: duk wasanni huɗun da suka ci, Osimhen yana cikin fili, wasanni biyar da bai buga ba, ba su ci ko ɗaya ba. Shi kaɗai ya ci 6 daga cikin ƙwallaye 15. A kasuwa muna da suna ga irin wannan shago, shagon mutum ɗaya, wanda ranar da maigida ya kwanta ciwo sai a ja ƙofa a rufe. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 bai kamata ta zama haka ba.

Sai batun ƙwallo ta huɗu, wadda mutane da yawa a gidajen kallo suka ɗauka ta cin fuska ce kawai, tunda an riga an gama da Benin. A gaskiya wannan ƙwallo ta Onyeka ita ce mafi tsada a duk daren, kuma wadda ta ji zafinta ba Benin ba ce, Burkina Faso ce, maƙwabciyarmu da mutanen Djougou ke bi ta Natitingou da Porga su shiga. Ga yadda abin yake. Rukuni tara ne, na ɗaya a kowane rukuni ya wuce, sannan aka zaɓi huɗu mafiya ƙwazo daga cikin waɗanda suka zo na biyu don su sake karawa. To amma ƙasar Iritiriya ta janye tun kafin a fara, rukuninta ya zama mai ƙasa biyar, saboda haka don a daidaita awo sai aka ce za a cire sakamakon da kowace ta biyu ta samu a kan ta shida a rukuninta. Burkina Faso ta gama da maki 21, amma 6 daga ciki a kan Jibuti ta same su, aka cire, ta dawo 15. Najeriya ta gama da 17, amma da yake ta kasa cin Zimbabuwe gida da waje, 1 da 1 aka tashi sau biyu, maki 2 kawai aka cire mata, ita ma ta tsaya a 15. Sai aka koma ga rarar ƙwallaye: Najeriya na da 7, Burkina Faso na da 6. Da an tashi 3 da nema, da rararsu ta zo ɗaya, kuma Burkina Faso ce za ta wuce domin ta fi yawan zura ƙwallo.

Jama'a ku duba wannan al'amari da kyau. Mai maki 21 ya zauna a gida, mai 17 ya wuce, kuma abin da ya taimaki mai 17 ɗin shi ne gazawarsa ta cin ƙungiya mafi rauni. Ni dai a ra'ayina wannan awo bai yi adalci ba, ko da yake ban ga wata hanya mai sauƙi da za a bi ba bayan ƙasa ta janye. Mu da muka ga yadda Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, muka kuma ga abin da ya faru da gadar Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, mun san cewa takarda ɗaya daga ofis tana iya mayar da riba asara alhali kaya suna kan mota. Ita ma Najeriyar ba ta yi nisa ba: ta ci Gabon 4 da 1 a birnin Rabat, sannan a ranar 16 ga Nuwamba, 2025 Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango ta fitar da ita a bugun fenareti bayan an tashi 1 da 1. Taubasan biyu duk a gida suka zauna.

Akwai kuma wani nau'in alƙaluma da ya fi kowane ruɗin samari, wato na cikin wasa: kashi nawa cikin 100 kowa ya riƙe ƙwallo, sau nawa ya miƙa wa ɗan uwansa, sau nawa ya kai hari. Waɗannan ba ƙarya ba ne, kuma masu horarwa suna amfana da su ƙwarai. Amma riƙe ƙwallo kamar cikar rumfa ce da masu tayi. Kana iya wuni mutane na shiga suna fita, suna taɓa atamfa suna tambayar kuɗi, magariba ta yi ka buɗe akwati ka ga wayam, maƙwabcinka kuwa mutum biyu kawai suka shiga wurinsa suka kwashi dila-dila. A ranar 6 ga Disamba, 2022 a Ƙatar, ƙasar Sifen ta riƙe ƙwallo fiye da kashi 70 cikin 100 a wasanta da Maroko, 'yan wasanta suka miƙa wa juna ƙwallo kusan sau dubu, amma ba su zura ko ɗaya ba cikin minti 120, a bugun fenareti ma ba su ci ko ɗaya ba. Ita kanta Benin, tun tana amsa sunan Kurege kafin a sauya mata zuwa Guépards (ni dai ban ga laifin kurege ba, dabbar da ko a tatsuniya ba a cin ta da wayo), ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a kofin Afirka na 2019 a Masar ba tare da ta ci wasa ko ɗaya a cikin fili ba: kunnen doki da Ghana, da Gini Bisau, da Kamaru, sannan ta fitar da Maroko a fenareti, kafin Senegal ta tsayar da ita da ci ɗaya. Wanda ya dubi layin "nasara" kawai zai ga sifili, ya ce ba a yi komai ba.

Dalilin da ya sa na dage a kan wannan batu ba don gardamar shayi ba ne. Akwai kuɗi a ciki, kuma kuɗinmu ne. Waɗannan alƙaluma da ake turo wa yaranmu kyauta a waya, da yawansu ƙugiya ce ta kamfanonin caca. Ana nuna wa yaro cewa ƙungiya kaza ta ci wasa biyar a jere, sai ya ji kamar ya gano sirrin da ba wanda ya sani, ya tura kuɗin cinikin maigidansa ta waya yana cewa kafin a rufe kasuwa zai mayar. Hukuncin caca a addini sananne ne, malamai sun yi bayani, ba sai na maimaita ba. Ni ta fuskar lissafi zan yi magana. A ce mutum biyu kowa ya zuba jaka ɗaya ta sefa, wannan ya ce za a ci, wancan ya ce ba za a ci ba. Kamfani ya karɓi sefa 2,000, ya biya wanda ya dace 1,900, ya soke 100 a aljihu, ko wane ne ya ci. Shi ba ruwansa da Osimhen ko Mounié, la'adarsa ta fita tun kafin a busa usur. Sannan ga masu jera wasa goma a takarda ɗaya don su ci miliyan. Ko da a ce kowane wasa cikin goman kana da tabbacin kashi 70 cikin 100, idan aka haɗa su gaba ɗaya abin da ya rage maka bai kai kashi 3 cikin 100 ba. Wane ɗan kasuwa ne zai ɗora kaya a motar da aka gaya masa cewa a cikin tafiya ɗari sau uku kawai take isa? Kuma wasan hamayya shi ne ya fi kowane wasa saɓa wa takarda. A Amurka, inda jami'o'i ke buga irin tasu ƙwallon ta hannu a gaban 'yan kallo fiye da dubu 100, jami'ar Michigan da ta Ohio State suna karawa tun 1897, kuma ana ajiye ƙididdigar kowane taku. A Nuwamban 2024 duk alƙaluma sun nuna Ohio State za ta yi kaca-kaca da abokiyar hamayyarta, sai ga shi an ci ta 13 da 10 a gidanta, kuma bayan mako bakwai ita ɗin ce ta ɗauki kofin ƙasa baki ɗaya.

Wannan misali na Amurka ya kawo ni gida. Su can matsalarsu yawan alƙaluma, mu tamu rashinsu. Muna da Buffles du Borgou, Ɓaunayen Parakou, waɗanda suka ɗauki kofin ƙasar Benin a 2014 da 2017 da 2019. Muna da Panthères, Damisoshin Djougou, garin da kakanninmu fataken goro masu zuwa Gwanja ke kira Zugu. Amma tara dattawa goma masu son ƙwallo ka tambaye su sau nawa ƙungiyoyin nan biyu suka haɗu, wa ya fi ci, wane ne ya fi zura ƙwallo a tsakaninsu, za ka ji amsa goma, kowace da rantsuwa. Yaron da zai karanto maka tarihin Barcelona da Real Madrid ba tare da ya numfasa ba, bai san sunan mai tsaron gidan garinsu ba. Alhali jami'ar Parakou, wadda aka kafa a 2001, tana da makaranta sukutum ta koyar da ƙididdiga da tsare-tsare, kuma gwamnati ta gina sababbin filayen wasa a garuruwa irin su Djougou da Nikki.

Shawarata ga shugabannin ƙungiyoyin biyu da hukumar jami'a ita ce su haɗa kai, a riƙa tura ɗalibai biyu ko uku kowane wasa, har da wasannin makarantu da na tsangayoyin jami'ar kanta, da littafi da biro, su rubuta wanda ya buga, minti nawa ya yi, wa ya ci, wa ya ba shi, wa aka ba kati, mutum nawa suka sayi tikiti. A ƙarshen kaka a buga shi da Faransanci da Hausa da Dendi da Bariba, a karanta a gidajen rediyon gari. Ɗalibi ya samu aikin gwaji, mai horarwa ya san wanda kati ya hana bugawa kafin a ƙwace masa maki, yaro mai hazaƙa kuma ya samu takardar da zai nuna idan masu neman 'yan wasa sun zo daga Kwatano ko Kano. Kuɗin wannan aiki na kaka guda, wato littattafai da kuɗin mota tsakanin Parakou da Djougou da ɗan abin shan ruwa, bai fi ƙarfin attajirai biyu ko uku na kasuwar Arzeke ba, kuma sarkin zango na kowane gari yana iya kiran zaman farko.